Kifin da Aka Ce Ni Na Ɗinka

Kuna shigowa rumfar nan ku ga shaho a tsaye kan reshe, fuka-fuki a buɗe, sai ku ce ai Bappa Buba auduga kawai yake cusawa a fata ya ɗinke. To, ga aska, ga kurciya. Wanda ya isa a cikinku ya feɗe ta bai huda fatar wuya ba. Na san ba mai taɓawa. Ku zauna in gaya muku yadda sana'ar take, da yadda ta kusa cinye mini suna a garin nan.

Aikin farko da maigidana ya ba ni gafiya ce. Maigidan nawa Baba Kyari ne, mutumin Borno, baduku, rumfarsa tana Limawa. Asalinsa kube da jaka da linzami yake ɗinkawa. Da Turawan kanti da na gwamnati suka yawaita a Jimeta, suna harbo dabba suna son su tafi da ita gida kamar tana da rai, sai ya ƙara da cushen dabba, kuma duk lardin ba wanda ya kama ƙafarsa. Ya jefo mini gafiyar ya ce in tuɓe mata riga, kada in yaga. Na yaga ta wuri huɗu. Washegari ya kawo wata. Damina guda na yi ina fiɗar gafiya kafin ya bar ni na taɓa tsuntsu.

Kayan aikin ba su da yawa. Aska biyu, babba da ƙarama. Almakashi. Allura mai lanƙwasa, da basilla ta ɗinkin fata mai kauri. Waya, ita ce ƙashin dabbar. Audugar rimi muke cusawa, don ba ta dunƙulewa kamar ta gona. Gishiri da alif da toka na shanya fata, bagaruwa kuma in fatar ta babbar dabba ce. Ido kuwa, gindin kwalba muke fasawa mu goge a dutse har ya yi daidai. Amma babban abokin gaba shi ne kitse. Ka bar kitse kamar ƙwayar gero a jikin fata, bayan wata uku ƙwaro ya same shi, gashi ya fara zuba, mai kaya ya dawo maka da shi yana ambaton iyayenka.

Baba Kyari ba ya duba aiki ta fuska. In ka gama, sai ya juya shi, ya sa yatsa ta ciki yana lalube. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Kowane ɗinki yana da baya. Fuska ta mai saye ce, baya na mai ɗinki ne." Ranar da na gama gauraka ta farko, ya lalube ta bai sami abin cewa ba, sai ya ciro basilla daga jakarsa ya miƙo mini. Wani maƙeri ne ya ƙera masa ita a Borno tun yana saurayi. Ban taɓa riƙe abin da ya fi ta daraja a wurina ba.

Sai shekarar wahala ta zo, jim kaɗan bayan an sami 'yancin kai. Da farko aiki ya yi mana yawa, don kowane Bature mai haɗa kaya yana son ya tafi da kan gwanki ko fatar kada. Da suka tafi, rumfa ta yi tsit. Bafulatani ba ya cusa wa saniyarsa auduga ya ajiye a zaure. Ga damina ta yi gardama, dawa ta yi tsada, ga kurkunu ya kwantar da Baba Kyari, ga ni da sabon aure, iyali da tsohon ciki.

A nan ne wani gardi, mai wasa da maciji, ana ce masa Mai Kwando, ya same ni a gida da mataccen biri a buhu. Ya ce yana son in haɗa masa rabin birin da wutsiyar giwan ruwa, ya ba ni buhun dawa. Na san maigidana ba zai yarda ba, don haka ban gaya masa ba. Kwana uku na yi a kai. Na yanke birin a ƙugu, na aske gashin wurin, na cusa fatarsa a ƙarƙashin ɓawon kifin, na ɗinke ta ciki, na turara shi da hayaƙi har ya yi baƙi. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya.

Mai Kwando ya kai shi bakin kogi, inda jiragen ruwa ke tsayawa, ya lulluɓe da zane, yana cewa ɗan ruwa ne aka kama a Binuwai. Gari ya ɗauka. Matan unguwar Damare suka daina sauka kogi wanki. Masunta suka kama giwan ruwa ba mai saye, don an ce ita ke haifar irin wannan. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka kwana da yunwa saboda ɗinkina.

Baba Kyari ya ji labari, ya dogara sanda ya je. Ya ɗaga zanen, ya sa yatsa ƙarƙashin ɓawon kifin, ya taɓo ƙullin zaren. Ƙullin da shi ya koya mini ne, mai murɗi biyu. A gaban jama'a ya ɗaga murya ya ce, "Wannan biri ne da giwan ruwa, kuma yarona ne ya ɗinka." Da ya dawo rumfa bai zage ni ba, bai kore ni ba. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Basillar." Na ba shi. Na ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa da wata da na saya a kasuwa, shi kuma bai ƙara tayar da zancen ba. Amma gari bai manta ba. Daga ranar sunana ya zama Buba mai ɗan ruwa.

Mujiya ce ta kai ni makaranta. Wani Bature, malamin kimiyya a wata sakandaren kwana ta maza, ya kawo ta a cushe masa. Ɗalibai suna ce masa Mai Kwalabe, don ɗakin kimiyyarsa cike yake da su. Ya ga aikina ya ce yana neman wanda zai kula masa da ɗakin. A wurinsa na koyi ɗaya rabin sana'ar, wato ajiye kifi da maciji da kwaɗo a kwalba. Za ka wanke kifin, ka ɗura masa fomalin a ciki da sirinji, wato ruwan nan mai yaji da ke hana nama ruɓewa, ka ɗaure shi a jikin gilashi ya miƙe, ka nutsar da shi, sannan ka toshe murfin da kakin zuma. Ruwan yana cin hannu, yana sa hawaye. Ƙa'idarsa guda ce: kada ko gefen wutsiya ya leƙo sama da ruwa. Abin da ya leƙo ya bushe, abin da ya bushe ya tafi ke nan. Cikin 'yan shekaru muka jera kifayen Binuwai kaf a kan kantar ɗakin, gaiwa da minjirya da tsage da bargi da sauransu.

Wata damina, da kogi ya cika jirgi ya iso Jimeta, aka sauke masa akwati daga ƙasarsu. Muka cire ciyawar da aka cusa, sai ga doguwar kwalba. Na ga kifi iri-iri a rayuwata, amma da na ga wannan sai da na ja da baya. Tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi. Kai ƙato, baki da haƙora irin na zomo, idanu manya kamar na mujiya. Fuka-fukan gefe a baje kamar na tsuntsu, ga ƙaya guda a tsaye a gadon baya. Jikin ba ɓawo ko ɗaya, sumul, yana ta sirancewa har ya ƙare da wutsiya kamar ta ɓera. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne fuskar. Layuka ne suka zagaye ido, suka gangaro kumatu, suka haɗu a hanci, da 'yan ɗigo-ɗigo a jere, sak ɗinki.

Baturen yana jin Hausa, ya ce, "Buba, ɗinki sana'arka ce. Wa ya ɗinka wannan?"

Na daɗe ina kallo, na ce, "Ranka ya daɗe, ko wane ne, ya fi Baba Kyari."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba wanda ya ɗinka shi, haka aka halicce shi. A can ƙasan teku yake zaune, inda rana ba ta kaiwa, layukan nan kuma da su yake jin motsin ruwa a cikin duhu. Sunansa Kimera. Ya ce Girkawan dā suna da wata dodanniya a tatsuniyarsu mai wannan suna, kanta na zaki, jikinta na akuya, wutsiyarta maciji, tana fitar da wuta ta baki. Da masana suka ga kifin kamar an tsinto shi daga dabbobi daban-daban an haɗa, sai suka ba shi sunanta. Na ce a raina, ashe su ma suna da nasu ɗan ruwan, sai dai su da baki suka ɗinka nasu, ba su ɓata wa masunta kasuwa ba.

Aka raba ƙasa jiha-jiha, muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an rubuta Maiduguri. Ga yaƙi ya tashi. Jirage suka daina hawowa kogi, Mai Kwalabe ya koma ƙasarsu, fomalin ya yanke. Ranar da zai tafi ya dafa doguwar kwalbar ya ce, "Sauran duk akwai su a kogi. Wannan babu." Na riƙe maganar.

Zafin Yola ba ya barin ruwa a kwalba. Ga shi murfin Kimera ya tsage a gefe, kome na liƙa da kaki sai ruwan ya dinga raguwa. Na rubuta a aiko da fomalin har na gaji. Ranar da na ga bakin ƙayar bayansa ya kusa leƙowa, na ɗauko kwalbar bargi, na tace ruwanta da ƙyalle na juye masa, na binne bargin a bayan ɗaki. Bayan wata biyu tsage ta bi. Sai minjirya. Kowanne da hannuna na kamo shi na gyara, kuma ba daɗi nake ji ba, amma na san inda zan samo wani. Kafin abubuwa su daidaita, rabin kantar ya zama kwalabe wayam. Takardar da ke jikin kwalbar Kimera kuwa, gara ta cinye ta.

A haka Malam Istifanus ya same ni. Ɗan wajen Ganye ne, ya gama jami'a da zafinsa, aka turo shi ya riƙe kimiyya. Mutum ne mai gaskiya, ba ya son wasa da ilimin yara, kuma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. An ce masu duba makarantu za su zo daga Maiduguri, sai ya shiga bin kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ga kwalabe ba komai. Ya tsaya a gaban Kimera ya daɗe. Kafin nan kuma kukun makaranta ya riga ya ba shi labarin Buba mai ɗan ruwa, da gishiri da yaji.

Ya kira ni ya buɗe littafi, ya nuna mini wani ɗan zane kamar tsawon yatsa.

"Bappa, kifin nan yana cikin littafi, ban musa ba. Amma dubi zanen. Ina ɗinki a fuskarsa?"

Na ce, "Malam, mai zanen ne bai sa ba."

"Ko kuma na asalin ya ruɓe tare da sauran, ka haɗa wannan don kada a gane. Haƙoran zomo, wutsiyar gaiwa. An ce ka taɓa yin wanda ya fi wannan wuya."

"Na taɓa yi. Wannan ba ni ba ne."

"Ba zan tsaya gaban yara in koya musu ƙarya ba, Bappa. Ba kuma zan nuna wa baƙi ita ba."

Magana ta je gaban shugaban makaranta. Ya ce in ba ni da shaida zuwa Litinin, za a zubar da kifin, a ba ni takardar sallama, kuma za a rubuta dalili a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba aikin kaɗai ba, ko da yake ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Wancan karon na yi, aka faɗa, na haɗiye. Wannan karon ban yi ba, kuma ba mai yarda da rantsuwata a garin nan, don ni na zubar da ita da hannuna a bakin kogi. Baturen da zai yi mini shaida yana bayan teku, ban ma san garinsu ba.

Na yi Asabar da Lahadi ina juya abin. Shaida ɗaya ce tak, ita ce wadda Baba Kyari ya kama ni da ita. In ɗinki ne, yana da baya. Sai dai ba a ganin baya sai an buɗe. Shekara da shekaru ina tsaron kifin nan kada iska ta taɓa shi, na binne rabin aikina saboda shi, yanzu kuma ni zan sa masa aska. In hannuna ya goce, fuskar ta yage, na ɓata abin da babu irinsa daga nan har Maiduguri. Na wasa ƙaramar askata har tana aske gashin hannu.

Litinin da hantsi na fasa kakin, na ciro kifin, na jiƙa shi a babbar tasa da ruwan sanyi don yajin ya ragu. Shugaban makaranta yana tsaye da hankici a hanci, Malam Istifanus yana riƙe da gilashin ƙara girma. Na ce masa, "Malam, kai za ka zaɓa. Nuna layin da ka fi zargi, kada a ce na kai ka inda na shirya."

Ya nuna wanda ya taso daga ƙarƙashin ido ya gangara baki.

Naman da ya daɗe a fomalin ba kamar ɗanye ba ne. Ya yi tauri, kuma fatar ba ta miƙewa, tsagewa take yi. Na yi bisimilla na sa aska ɗan nesa da layin, na ja a hankali kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, na karkata, na shiga ƙarƙashi ina ɗagawa kaɗan-kaɗan. Hawaye na zuba saboda yajin, ban ɗaga hannu na share ba. Da fatar ta saki, na naɗe ta baya, na ja gefe.

"Ga bayansa. Nemo zaren."

Ya sunkuya da gilashinsa. Ya ɗauki hantsaki ya taɓa nan, ya taɓa can. Ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ya koma gindin wutsiya ya lalube, ya buɗe bakin ya girgiza haƙoran. Ni dai ina tsaye, yatsuna suna raɗaɗi. Can ya miƙe ya cire tabarau.

"Babu zare. Babu ƙulli. Ko hudar allura babu." Ya juya wurin shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, kifin gaskiya ne. Ni na yi kuskure." Sannan ya dube ni ya ce, "Bappa, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

Na ce, "Ba komai, Malam. Ni na ba ka dalilin zargi tun kana yaro. Riƙe mini kan, in rufe."

Shi ya riƙe mini kan da hannunsa, ba safar hannu, har na gama. Da allurar da ta fi kowacce siranta na yi, da farin zaren siliki na raba shi biyu, na bi ta cikin kaurin fatar yadda zaren ba zai fito fuska ba, na tura ƙullin ciki. Muka mai da shi kwalba. Da zai rubuta sabuwar takarda na ce ya ƙara layi ɗaya: an yanka kifin nan sau ɗaya don bincike, Buba ne ya ɗinke. Ya ce ba dole ba ne, ba mai ganewa. Na ce shi ya sa nake son a rubuta. Da fomalin ya samu, shi da kansa ya dinga bina bakin kogi wurin masunta, har muka mai da kifayen Binuwai kan kantarsu.

Labari ya kai Limawa kafin in kai. Baba Kyari ya tsufa a lokacin, ya daina ɗinki, ya aiko a ce mini yana son ya ga kifin. Ranar Asabar na goyo shi a keke. Masu dubawa daga Maiduguri sun zo sun tafi, malamai sun duba, ɗalibai sun yi ta gasa, ba wanda ya gano inda na ɗinka. Tsohon nan ya tsaya gaban kwalbar, ya kara ido da gilashin, ya bi layukan fuskar ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai.

"Wannan ba aikin hannu ba ne," in ji shi. Sai ya ɗora yatsa a kan gilashin, daidai wurin. "Wannan kuma naka ne."

"Nawa ne, Baba."

"Ka ɓoye ƙullin da kyau. Mutane sun sani?"

Na nuna masa takardar, na karanta masa layin ƙarshe. Ya ce in sake karantawa, na sake. Hannu ya sa a aljihun rigarsa ya ciro wani ƙyalle a naɗe, ya ajiye a kan kanta kusa da kwalbar, ya ce in goya shi in mai da shi gida kafin azahar.

Ga ta nan a jakata, basillar. Shekara goma sha ɗaya ta yi a wurinsa, kuma ko ɗigon tsatsa babu a jikinta, don duk tsawon lokacin nan yana shafa mata mai.